Rufin Shingil a Kan Ɗakin Ajiya: Daga Ina Sabon Shiga Zai Fara?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ba kafinta ba ne, sha'awa ce ta sa na gina ɗan ƙaramin ɗakin katako a bayan gida don ajiye kayan aiki. Faɗinsa ƙafa 8, tsawonsa ƙafa 12. Rufin mai gangare biyu ne, kowane ɓari tsawonsa ƙafa 13, daga baki zuwa doro kuma ƙafa 5. Na riga na buga filawud a kan rafta, wato katakan da suke ɗauke da rufin. Na sayi ɗauri huɗu na fallayen kwalta da ake kira shingil, irin mai harshe uku, da naɗi ɗaya na takardar kwalta, da ƙarfen da ake sawa a bakin rufi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne: rufin zan fara yi, in ya so daga baya in bi gefe-gefe da katakon ado, ko kuwa katakon ne farko? Ƙusa nawa ake buga wa falle, kuma a ina? Akwai wata siririyar leda a bayan kowane falle, ɓare ta ake yi? Ɗauri huɗun zai ishe ni? Ban taɓa hawa rufi ba.

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi sa'a da ka yi tambayar nan filawud ɗinka yana tsirara, domin tambayarka ta farko ita ce wadda in aka kuskure ta sai an ɓamɓare aiki. Katakon goshin rufi, wato wanda yake rufe kawunan rafta a bakin ƙasa, da waɗanda suke hawa gefen gangare su haɗu a sama, su ake fara bugawa kafin falle ko ɗaya ya hau. Katakon kusurwar bango da na zagayen ƙofa kuwa, ka bar su sai ka sauko, ba abin da yake korarsu.

Dalilin ba shi da nisa. Ƙarfen baki a kan katakon goshi yake zama, takardar kwalta a kan ƙarfe, shingil a kan takarda. In ka yi rufi tukuna, sai ka tsinci kanka kana cusa katako ƙarƙashin ƙarfen da ka riga ka kafe, kana lanƙwasa shi, kana ɗaga fallayen da rana ta riga ta manne.

Shingil ba ya tare ruwa yadda leda ko kwano suke yi. Ƙananan fallaye ne, kowanne bakinsa huɗu a buɗe. Abin da yake hana yoyo shi ne jerin, na sama ya hau kan na ƙasa, kamar gashin bayan kaza. Zuba wa kaza ruwa daga kai, ya gangare ya zube. Watsa mata daga wutsiya zuwa sama, ya shige jiki. Saboda haka duk inda ka rikice a kan rufin nan, ka ajiye guduma ka tambayi kanka: ɗigon ruwan da ya sauka a nan, in ya gangaro, kan abin zai hau ko ƙarƙashinsa zai shige? Wannan tambayar za ta warware maka abubuwa da yawa da ban rubuta a nan ba.

Ba ka faɗa min tsananin gangaren rufin ba, kuma shi yake yanke hukunci ko shingil ya dace ma tun farko. Ɗauki ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa, ka dafa bakinsa ɗaya a jikin filawud ta wajen sama, sauran jikinsa ya miƙo ta wajen ƙasa a kwance daidai. Auna inci 12 daga inda ya taɓa, daga nan ka auna a tsaye zuwa rufin. In ka sami inci 4 ko fiye, lafiya lau, takarda shimfiɗa ɗaya ta isa. In tsakanin 2 da 4 ne, sai ka ninka takardar biyu. In bai kai 2 ba, mayar da shingil ɗin ka nemi wani abin rufin, domin a rufin da ya kusa kwanciya ruwa ba ya gudu, tafiyar hawainiya yake yi, iska kaɗan ta tura shi baya ya shige ƙarƙashin falle.

Ɗauri huɗu ba zai kai ka ba. Ga lissafin. Kowane ɓari 13 sau 5, murabba'in ƙafa 65 ke nan, biyun 130. Fallen shingil mai harshe uku na asali tsawonsa inci 36, faɗinsa 12, amma inci 5 ne kawai yake fitowa fili, sauran sahun sama ya rufe shi. Da wannan awo falle 80 ne yake rufe murabba'in ƙafa 100, kuma ɗauri uku ne suke ba da 80 ɗin. Filin rufinka kaɗai zai ci falle 104, wato ɗauri huɗun naka kusan kaf. Ba a yi maganar sahun tushe ba, wato wanda ake shimfiɗawa a bakin rufi ƙarƙashin sahun farko, wanda zai ci kamar falle 9, ba a yi maganar doro ba, wanda zai ci kamar 11, balle guntayen da za ka yanke ka zubar da waɗanda za ka ɓata kana koyo. Biyar zai yi da ƙyar. Ni da ni ne shida zan ajiye, kuma in duba lambar da ke jikin takardar ɗaurin ta zo ɗaya da na farko, don launin yakan ɗan saɓa daga wannan bugu zuwa wancan, sai rufi ya fito da dabbare-dabbare. Akwai kuma shingil mai awon mita, ya ɗan fi girma, inci 5 da 5/8 yake fitarwa. Duba takardar ɗaurinka. In awonta ya saɓa da nawa, bi nata, ita ta san kayanta. Ƙusa kuma ka tanadi sama da 500.

Tunda ba ka taɓa hawa ba, ga maganar tsani a taƙaice. Kowace ƙafa huɗu ta tsayi, gindin tsani ya ja baya ƙafa ɗaya daga bango, kansa kuma ya zarce bakin rufi da kamar ƙafa uku don ka sami abin riƙewa lokacin sauka. Sa takalmi mai taushin tafi. Kar ka hau da raɓa, kuma ka riƙa share ɓurɓushin tsakuwar da ke zubowa daga fallaye, don santsinsa a ƙarƙashin ƙafa ba ya sallama. Ɗauri ɗaya yakan kai kilo 30, ka kwance shi a ƙasa ka riƙa hawa da kaɗan-kaɗan. Abin daɗin ɗaki irin naka shi ne sahu huɗu ko biyar na farko daga kan tsani ko ɗan dandamali za ka buga su, ƙafarka ba ta taɓa rufin ba. A sami wani a kusa.

Kafin komai ya hau, shafa filawud ɗin da tafin hannu. Duk kan ƙusar da ya taso, mayar da shi. Ƙusoshin su kasance duk inci 6 a bakin allo, duk inci 12 a tsakiya. Tsakanin allo da allo a sami ɗan tazara kamar milimita 3, saboda katako yana kumbura in ya sha danshi, in bai sami wurin miƙewa ba sai ya yi tozo, tozon kuma ya fito a jikin shingil. In ka riga ka matse su gam, daidaita zarton inji daidai kaurin allon ka bi mahaɗar sau ɗaya. Kuma a bushe za a rufe shi.

To, katakon goshi. Fara da jan igiya daga kan raftar farko zuwa ta ƙarshe. Za ka ga wata ta leƙo, wata ta noƙe. Wadda ta leƙo ka rage ta, wadda ta noƙe ka cika ta da siririn katako. In ka tsallake wannan, goshin zai fito yana rangaji kamar tafiyar maciji, ƙarfen baki ya bi shi, shingil ya bi ƙarfe, kuma shi ne layin da idon kowa yake fara sauka a kai.

Saman katakon kada ya ɗara shimfiɗar filawud. Ɗora wani miƙaƙƙen katako a kan rufin ya leƙo waje, ka tura goshin sama har kusurwarsa ta waje ta taɓa shi, a nan za ka kafe. In ya ɗara, sahun farko zai ɗaga baki, ruwa ya sami wurin kwanciya. Ƙusa biyu a kan kowace rafta. In ba ka sami katako ɗaya mai ƙafa 13 ba, haɗa biyu a kan rafta, ka yanke bakunansu a karkace su hau juna, don ko sun tsuke daga baya ba za a ga rami ba.

Na gefen gangare su ne suke ba sabon shiga wahala, saboda yankan da za su haɗu a sama. Littafi zai ce maka digiri 18 da rabi in gangaren 4 ne cikin 12, digiri 26 da rabi in 6 ne. Gaskiya ne a takarda, amma rufin da aka yi da hannu bai cika bin littafi ba. Abin da nake yi shi ne in ɗora katakon a mazauninsa in riƙe shi da ƙusa ɗaya, in ɗora ma'auni a tsaye daidai tsakiyar doro, in ja layi da fensir, in sauke in yanke. Gwada da guntaye biyu tukuna kafin ka taɓa dogon. Ƙasan kuma ka bar shi da tsawo, ya rufe bakin katakon goshin ƙasa, sai ka yanke a wurin.

Kowane katakon ado ka yi masa fenti tun yana ƙasa, gaba da baya da gefuna, musamman bakin da zarto ya ci. Wannan bakin yana zuƙar ruwa kamar lagwanin fitila, kuma daga nan ruɓa take farawa. Ajiye ɗan gwangwanin fenti da buroshi kusa da zarto, kana yanka kana shafawa. Ba wanda zai ga bayan katakon, na sani, amma ruwa yana ganinsa.

Ƙarfen baki shi ne wurin da mutane suka fi juya tsari. A bakin ƙasa, ƙarfe ne farko a kan filawud tsirara, takarda ta hau kansa. A gefen gangare, takarda ce farko, ƙarfe ya hau kanta. Koma ga ɗigon ruwan nan: wanda ya ɓuya ƙarƙashin shingil yana gangarowa a kan takarda, in ya iso baki so ake ya hau ƙarfe ya ɗiga waje. A gefe kuwa iska ce take turo ruwa daga waje, so ake in ya shige ƙarƙashin ƙarfe ya tarar da takarda. Ƙusa duk inci 12, inda biyu suka haɗu su hau juna da inci 2, a gefen gangare kuma na sama ne yake hawa na ƙasa. Almakashin kwano ya isa yanka shi, amma ka sa safar hannu.

Takarda ba ta da wuya. Daga ƙasa zuwa sama, a kwance, kowace shimfiɗa ta hau ta ƙasanta da aƙalla inci 2, ta sama ta tsallaka doro ta faɗa ɗaya ɓarin. Ja ta ta miƙe, don duk tattarar da ka bari sai ta nuna a sama. Kar ka shimfiɗa ta ka tafi ka bar ta kwanaki, danshi yana sa ta yamutsewa.

Sai sahun tushe, wanda ba a ganinsa, shi ya sa sababbin shiga da yawa ba su san da shi ba. Dubi falle ɗaya da kyau. Rabinsa na ƙasa harsuna uku ne da tsaga a tsakaninsu. Sama da tsagogin kaɗan akwai layin baƙin ɗanko. Wannan ɗankon shi ne zafin rana yake narkarwa ya kama harsunan sahun da ke samansa. To sahun farko fa, me zai kama harsunansa, me kuma zai toshe tsagoginsa? Aikin sahun tushe ke nan. Ka yanke harsunan ka ajiye, ka ɗauki rabin sama mai ɗanko, ka shimfiɗa shi ɗankon yana sama kuma yana dab da bakin rufi. Wasu sukan juya falle sukutum, harsuna suna kallon sama, su ce sun yi tushe. Tsagogin kam sun toshe, amma ɗankon ya tafi can inda ba ya kama komai, bakin rufin ya zauna a sake, wurin da iska ta fi kamawa. Yanke inci 6 daga na farkon don mahaɗarsu kada ta faɗa daidai da ta sahun farko. Ya leƙo bayan ƙarfe da kamar rabin inci, a ƙasa da gefe. In ya wuce kashi uku cikin huɗu na inci zai sunkuya ya karye wata rana. In bai leƙo ba ruwa zai lallaɓo ta ƙarƙashi ya bi katako.

An ce ido ba mudu ba ya san kima. A kan rufi ban yarda da shi ba. Kana durƙushe hancinka kusa da falle, kowane sahu daidai yake a idonka, sai ka sauko ka ja baya ka ga sun yi murmushi. Nemi igiyar alli. In leƙon da ka bari rabin inci ne, auna inci 11 da rabi daga bakin ƙarfe a gefe biyu ka buga layi, nan saman sahun farko zai tsaya. Daga nan duk inci 5, ko in ka gaji duk inci 10. Rufinka sahu 12 ne kowane ɓari, aikin minti kaɗan ne. Kafin ka buga layukan, auna daga baki zuwa doro a dama da hagu. In sun saɓa da inci ɗaya, raba bambancin kaɗan-kaɗan a kan sahu da yawa, ba mai lura. In ka bar shi sai a sama, zai fito a karkace ƙarƙashin doro kowa ya gani.

Sahun farko ka fara da cikakken falle. Na biyu ka yanke inci 6 daga fallen farko, wato rabin harshe. Na uku inci 12, na huɗu 18, na biyar 24, na shida 30, na bakwai ka koma cikakke. Haka tsaga ba za ta taɓa hawa kan tsaga ba. Guntayen da kake yankewa kar ka zubar, da yawansu za su cike maka ɗaya ƙarshen. Buga layin alli biyu a tsaye, inci 6 tsakaninsu, don tsagogin su hau a miƙe.

Yanzu ƙusa, kuma a nan zan daɗe, domin a nan na taɓa ƙonewa. Ƙusar rufi ce mai faɗin kai, mai rufin tutiya don kada ta yi tsatsa, tsawon inci 1 da kwata. Huɗu a kowane falle: ɗaya inci 1 daga kowane ƙarshe, biyu a saman tsagogin tsakiya. In wurinku iska tana da ƙarfi, shida. Tsayin da za a buga ta shi ne kamar 5/8 na inci sama da kan tsaga, ƙasa da layin ɗanko.

Rufin farko da na yi da hannuna ɗakin ajiya ne kamar naka. Na ga inda aka ce a buga ƙusa ya yi kusa da fili, na ce bari in fi su wayo, in hau da ita can sama inda ruwa ba zai taɓa ganinta ba. Rufin ya yi kyau, har na riƙa kai mutane su gani. Ranar da aka yi iska ta gaske na fito da safe na tsinci falle uku a ƙasa, kowanne da yaga huɗu a bakinsa na sama, ƙusoshin kuwa suna can a kan rufi daram, ba su riƙe komai ba. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne wannan: falle inci 12 ne, ana matsawa da inci 5, don haka fallen ƙasa yana shiga ƙarƙashin na sama har inci 7. Ƙusar da aka buga a inci 5 da 5/8 daga bakin harshe tana ratsa falle biyu, nata da kan na ƙasanta. Ashe kowane falle ƙusa takwas ne suke riƙe da shi, huɗu nasa, huɗu na maƙwabcinsa na sama. Da na hau da ƙusa sama da inci 7, na zubar da rabin ƙarfin rufin da hannuna.

Yadda ƙusar ta zauna ma magana ce. Kanta ya kwanta daidai da fuskar falle. In ka nutsar da ita ta yanke zaren da ke cikin fallen, ta zama ba ta riƙe komai. In ka bar ta a tsaye ta ɗaga harshen da ke samanta, ɗanko ya kasa kamawa, a hankali ta huda shi. In ta karkace gefen kanta ya zama wuƙa. Wadda ta ɓaci ka zare ta, ka ɗiga kwaltar liƙi a ramin, ka buga wata a gefe kaɗan. Ga sabon shiga na fi son guduma da bindigar ƙusa, don hannu yana jin lokacin da ƙusa ta zauna, kuma ƙusa 500 ba ta kai a yi hayar inji ba. In ka shiga ɗakin ka ga tsinin ƙusoshi sun leƙo ta filawud, kar ranka ya ɓaci, haka ake so. A allon da bai kai kashi uku cikin huɗu na inci ba, sai ƙusa ta ratsa ta fito sannan ta kama. Kar ka sayi gajeru don gudun wannan.

Ledar bayan falle, bar ta. Aikinta ya ƙare a cikin ɗauri, inda take hana ɗankon wannan falle kama bayan wancan. Da zarar an jera su a rufi ba ta ƙara haɗuwa da ɗanko. Na ga mutum ya zauna ya ɓare ta daga ɗauri biyar, iska tana yawo da ita a tsakar gida, bai ƙara wa rufinsa komai ba.

Yankan falle ta baya ake yi, inda babu tsakuwa: ja wuƙa sau ɗaya, lanƙwasa, ya rabu. Ta gaba tsakuwa tana cinye kaifi kafin ka gama falle biyar. A ƙarshen sahu ka bar su su leƙo, in ka gama ɓarin ka buga layin alli ka bi da reza mai ƙugiya sau ɗaya, ya fi fitowa a miƙe.

Zafi da sanyi duk suna da hannu a aikin. Da tsakar rana kwaltar tana laushi, ka juya dunduniya a kai sai ka ga tsakuwa ta kwashe ta bar baƙin tabo, tabon kuma ba ya gyaruwa. Tsakuwar nan ita take kare kwalta daga hasken rana. Yi aikinka da hantsi da kuma la'asar, ka ajiye ɗaurin a inuwa a kwance. A wurin da sanyi yake sauka ƙasa da digiri 5 na ma'aunin Salsiyas kuwa, falle yana ƙagewa ya karye in an lanƙwasa, ɗanko kuma ba ya kamawa sai rana ta dawo, don haka akan ɗiga kwaltar liƙi kamar faɗin inci ɗaya ƙarƙashin kowane harshe.

In ɓari biyun sun iso sama, sahun ƙarshe ka lanƙwasa shi ya tsallaka doro ko ka yanke shi daidai nan. Hulunan doro daga fallen nan mai harshe uku ake fitar da su: yanke shi uku a kan tsagogi, ka ɗan sassabe kusurwoyin ɓangaren da zai ɓuya don kada su leƙo. Buga layin alli inci 6 ƙasa da doro a ɓarin da aka fi gani. Ka lura da inda iska ta fi tasowa, ka fara daga ɗaya ƙarshen kana tafiya wajenta, yadda bakin kowace hula zai ba iska baya. Inci 5 a fili kamar sauran, ƙusa ɗaya kowane gefe, inci 5 da rabi daga bakin da ke fili, inci 1 daga gefe. Nan sai doguwar ƙusa, kamar inci 2, don kauri ya ƙaru. Hular ƙarshe ba abin da zai rufe ƙusoshinta, sai ka shafe kawunansu da kwaltar liƙi, ka barbaɗa tsakuwar da ta taru a gindin takardar ɗauri. Su kaɗai ne ƙusoshin da aka yarda a gani a rufin gaba ɗaya.

Ka sauko, saura bango. Katakon kusurwa biyu ne suke haɗuwa, ɗaya ya hau bakin ɗaya. In faɗinsu ɗaya, gefe guda zai fi faɗi a ido, don haka rage ɗaya da kaurin katakon. Haɗa su a ƙasa tukuna su zama kusurwa guda, sannan ka ɗaga ka kafe, ya fi matsewa. Gindinsu kada ya kusanci ƙasa, a bar kamar inci 6, saboda fantsamar ruwa da gara. In za ka buga ƙusa kusa da bakin katako, fara huda da siririn abin huji, ko ka dakushe tsininta da guduma, ba zai tsage ba. In katakon irin wanda aka jiƙa da maganin hana ruɓa ne, ƙusar gama-gari ba ta daɗewa a cikinsa, sinadarin tagullar da ke ciki yana cin ta. Nemi mai kaurin tutiya ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa.

A ƙofa, na gefe biyu su tsaya, na sama ya kwanta a kansu ya rufe bakunansu. Abin da ya fi shi ne ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da yake shiga bayan allon bango ya sauko kan katakon saman. In ka riga ka rufe bangon, ba sai ka ɓalle ba: fere saman katakon ya ɗan gangaro waje, ka bi mahaɗar da gam ɗin toshe kafa. Gam ɗin a sama da gefuna kawai ake sa shi. Ƙasan kowane katako a bar shi a buɗe, don ruwan da ya sami hanyar shiga ya sami ta fita. Kuma ka karanta jikin robar ka tabbata yana karɓar fenti, domin silikon zalla fenti ba ya zama a kansa. Ramin da ya kai yatsa ya shiga, wannan ba na gam ba ne, sake yanka katakon.

Ɗan ƙaramin tagar iska mai raga a saman bangon gaba da na baya zai rage zafi da gumin da ke taruwa ƙarƙashin filawud.

In ka gama, ka sa wani ya tsaya a ciki da tocila, kai kuma ka saki ruwa da tiyo daga doro ya gangaro da kansa, kar ka harba shi daga ƙasa zuwa sama. Bayan kwana biyu ko uku na rana, ɗan gwada ɗaga harshe ɗaya a hankali da yatsa. In ya ƙi tasowa ɗanko ya kama. Ragowar fallayen ka ajiye su a kwance cikin ɗakin don ranar gyara. Sannan ka ɗaura maganaɗisu a igiya ka ja shi zagayen ɗakin sau biyu, domin ƙusar rufi, saboda faɗin kanta, takan sauka a tsaye tsininta yana kallon sama.